Ba Gaggawa Ka Yi Ba, Yaya Sannu-Sannu

Ranar Alhamis, sha bakwai ga watan Afrilu, jim kaɗan bayan azahar, Allah ya karɓi ran Yaya Sannu-Sannu, bakaniken manyan motoci, bayan ya yi kwana biyu a gadon asibiti bai san wanda ke kansa ba. Wanda ya ba mu shi ne ya karɓi abinsa, mu ma can muka dosa, wannan ban yi jayayya da shi ba. Abin da ya hana ni sakat shi ne maganar da mai garejinmu ya yi a zaman makoki. A gaban 'ya'yanka uku, Yaya, ya ce wai gaggawa ka yi, wai da ka bi a hankali da ba a kai ga haka ba. Ina zaune kusa da shi na ji, ban ce uffan ba. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan maganar tana cin raina.

Kai da gaggawa? Shekara goma sha tara muna aiki a ramin gyaran mota ɗaya, ban taɓa ganin ka ɗaure noti ba tare da ka goge zarensa da tsumma ba. Direbobi ne suka laƙaba maka Sannu-Sannu don takaici, har sunan ya danne na yanka. Na tuna direban tankar da ya kawo maka gyaran kuloci, ka hango tsaga a bututun birkinsa, ka zare makullin motar ka zuba a aljihu. Ya yi zagi har muryarsa ta dushe, kai kuwa kana ta aikinka kamar da bango yake magana. Da ka gama ka miƙa masa makulli ka ce, "Yanzu ka tafi ka ci gaba da zagina a gida, gaban iyalinka." Tun daga ranar bai sake kai motarsa wajen kowa ba.

Ni kaina da sifana uku na zo garejin nan, ƙunshe a cikin tsohuwar riga. Ka dube su, ka dube ni, ka buɗe mini akwatinka ka ce, "Ƙanina, ɗauki abin da kake so, ka goge, ka mayar." Shekarar da wani inji ya faɗo mini a hannu, mako shida kana yin aikinka kana yin nawa, in an tambaya ka ce ai ni na yi, kai taimaka mini kawai ka yi.

Masu cewa kai mai son kayan tsada ne ba su san ka ba. Gudumarka ta araha ce, mazurarin manka gwangwani ne da ka yanka da hannunka. Ka sha gaya mana cewa sukundireba da filaya in mutum ya sayi na araha ba laifi, in sun mutu a sake wasu. Amma duk ƙarfen da za ka ɗora wa nauyin jikinka, ka ce kada mu kuskura mu nemi sauƙi a kansa. Ɗaya bayan ɗaya ka tara naka, yawanci na hannu, daga wajen masu tsofaffin kaya. Kafin ka saya sai ka saki sifana a kan siminti ka kasa kunne. Mai kyau takan yi ƙara siririya mai tsawo, ta banza kuwa sai ta yi ɗif kamar guntun itace. Wani mai shago ya taɓa hasala ya ce, "Malam, in ba saye za ka yi ba ka daina watsa mini kaya." Ka ce, "Ai saye zan yi, shi ya sa nake tambayar ta lafiyarta."

Bara mai gareji ya sayo akwati shida na sababbin kayan aiki, jajayen akwatuna, komai na ciki yana ɗaukar ido. Ka ɗauki sifana ɗaya ka sake ta a ƙasa, duk muka ji abin da ta ce. Cikin ladabi ka ce masa, "Ranka ya daɗe, waɗannan keke za a kwance da su, ba tirela ba." Ya yi dariya ya ce, "Ƙarfe ai ƙarfe ne, ku dai kun fiye tsirfa." A watan ne ya sake kujerun ofishinsa. Kafin wata uku bakunan sifanun sun buɗe, suna cinye kan noti suna fasa mana yatsu. Soket, wato ƙarfen da ake kifa wa kan noti, ya tsage a hannun mai walda ya cire masa haƙori. Muka sake yin magana, aka ce wanda bai iya aiki ba ne ke kuka da kaya. Ina jin haushin mai gareji, ina jin haushin masu narka tarkace su buga masa tambarin kamfanin kirki, da masu sayar da shi suna rantsuwa. Duk sun san a hannun wa zai karye, kuma sun san ba nasu hannun ba ne.

Amma wanda ya san ka dole ya yi tambaya: me ya kai ƙarfen jan akwati hannun Sannu-Sannu, mutumin da ke da nasa? Amsar tana wajena, ita ce kuma ta rufe mini baki a zaman makoki.

Ranar Asabar na ari dogon hannun soket ɗinka, wanda muke kwance manyan notuna da shi, don in duba motar surukina a gida. Na gama na jingine shi bayan ƙofa. Ranar Litinin ka tambaye ni, na ce gobe. Ranar Talata da safe ka ce, "Ƙanina, ina ƙarfena?" Na dafa kai na ce wallahi na sake mantawa. Ba ka yi fushi ba, ka ce, "Kai wata rana kanka ma a bayan ƙofa za ka bar shi." A lokacin akwai tirela a kan rami, notin sifirin ɗin da ke ɗauke da nauyinta ya yi tsatsa, direba na ta huci, mai gareji yana tsaye yana duba agogo. Ka ce a jira in je in ɗauko. Mai gareji ya ce ba za a tsayar da aiki saboda tsirfa ba, ga kaya can a akwati.

Ina wajen, da idona na gani. Ka zuba wa notin mai, ka jira ya jiƙa. Ka ƙwanƙwasa shi, ka zaunar da soket daidai, ka gyara tsayuwarka, sannan ka ja a hankali kana ƙara ƙarfi. Notin bai motsa ba, ƙarfen ne ya karye daga wuya. Ka tafi da baya, ƙeyarka ta daki bakin ramin. Daga baya na ɗauki guntun na duba, cikinsa duk huhhuje kamar burodi. Kafin mu dawo daga asibiti an share wajen, guntayen da akwatinsu sun yi ɓatan dabo. Sauran akwatuna biyar suna nan, da su ake aiki har yau.

Shekaranjiya na ɗauki ƙarfen naka na kai gidanka. Na durƙusa gaban maiɗakinka na faɗa mata komai, ina jira ta zage ni, don da ta yi da na ji sauƙi. Ta daɗe tana kallon ƙarfen ba ta taɓa shi ba.

"Ƙanin miji," ta ce, "mantuwa kowa na yi. Shirun da ka yi ne ban gane ba. Babban ɗansa har ya tambaye ni wai da gaske babansu garaje gare shi. Ba ni za ka faɗa wa a ɗaki ba. A gaban mutane aka ɓata shi, ka je ka faɗa a gaban mutane."

Shi ya sa na rubuta wannan. Na san in ya fita ba ni da sauran zama a garejin, na riga na kwashe kayana. Kada kowa ya zo ya ce mini ƙaddara ce don ya rufe mini baki. Na yarda da ƙaddara, amma ƙaddara ba ta hana a tambayi bawa abin da hannunsa ya aikata. Za a tambayi wanda ya sayo, za a tambayi wanda ya ce kada a jira, ni ma za a tambaye ni.

Allah ya jiƙan ka, Yaya. Allah ya yalwata maka kabarinka, ya haskaka shi, ya yafe kurakuranka. Duk motar da ta isa gida lafiya saboda jinkirinka, Allah ya sa ka same ta a mizani. Ina yi wa Inna mahaifiyarka ta'aziyya, wadda ta ga wannan rana da tsufanta, da maiɗakinka, da ƙannenka, da abokan aiki waɗanda har yanzu suke ɗora nauyinsu a kan ƙarfen banza, Allah ya tsare su. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya kyautata namu ƙarshen.

Ku kuma 'ya'yansa, Allah ya raya ku, ya yi muku albarka. Ku riƙe wannan daga bakin wanda ya gani: babanku bai yi gaggawa ba, ya nemi a jira minti ashirin ne aka hana. Laifin na mai gareji ne, da ni baffanku. In kun ga za ku iya, wata rana ku yafe mini.