Ƙarar da Munka Sa Malam Sodangi Ya Ɗaukaka

Malam Sodangi mutumin Tsamaye ne. A yaƙin Bama ya koyi allura da ɗaurin miki, da ya dawo En'e ta ba shi ɗakin shan magani na Sabon Birni. Shekara tara shi kaɗai ne likitanmu, har Burkusuma. Ga faɗan tsiya, amma wallahi hannunsa da sa'a.

Sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Bai faɗi ba, mu ma da munka ga yana lalubar kwalabe munka yi gum.

Wata ranar kasuwa ya ba Tasalla, matar Wada mahauci, ruwan wankin miki a maimakon maganin tari. Kafin la'asar ta cika. Likita Bature ya zo daga Sakkwato, ya miƙa ma Sodangi takarda ya karanta, ya kasa. Nan take Baturen ya rubuta a karɓe makullin ɗakin maganin.

Akawun hakimi ne ya raɗa mana dokar: in mutum ya ɗaukaka ƙara, hukunci na tsayawa, ya ci gaba da aiki har amsa ta fito. In ko ya tafi, ba a turo kowa, sai dai a ɗora marar lafiya bisa jaki zuwa garin Isa.

Sodangi ya ƙi. "Ku ƙyale ni, za ni koma gona," in ji shi. Ina! Munka taru munka tsare shi da magiya har ya yarda. Ni Halliru, ni na fara dangwala yatsa a takardar goyon baya. Wada ya ce mu ji tsoron Allah, munka ce masa ƙaddara ce. Kunyar maganar nan har yau ba ta sake ni ba.

Damina ta sauka, gulbi ya cika, wata uku ba amsa.

Rannan zazzaɓi ya kama ɗiyata Rahmatu, ga hanyar Isa ruwa ya cinye. Na saɓo ta da hantsi na kai masa. Ya daɗe gaban kantar magani, ya ɗauko kwalba biyu iri ɗaya, ya kai su bakin taga, ya jujjuya.

"Halliru, mi anka rubuta nan?"

"Haba Malam, ni da boko?"

Ya ajiye guda, ya tsiyaya ta biyun a cokali.

"To, riƙe mata haɓa," ya ce.

Na riƙe.