Ranar da Na Cire wa Motar Kawu Ilu Injinta

A wannan watan Kawu Ilu ya cika shekara bakwai da rasuwa. Yayan mahaifiyata ne, bakanike ɗan Damagaram wanda ya ƙarar da rabin rayuwarsa a La Courneuve, bayan garin Paris. Kowace shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in kasa. Bana na zauna na rubuta, saboda na yi wa motarsa abin da na daɗe ina tsoron ba zai yafe mini ba.

Motar ƙaramar akori-kura ce, wadda mu mutanen Nijar muke ce wa bashe: kujera biyu a gaba, baya a buɗe. Fara ce da can, amma ni na same ta ta koma launin kunun gyaɗa. A cikinta ya ɗauko ni daga filin jirgi ranar da na zo karatun injiniya, kuma a cikinta ya kai ni har Villeurbanne da ke jikin Lyon, da akwatina, da katifa, da tukwanen da matarsa Tanti Hadiza ta haɗa mini. Ba ni kaɗai ya yi wa haka ba. Duk farkon shekarar karatu sai ya rufe garejinsa kwana biyu, ya kwashi kayan 'yan makarantarmu na Nijar da Chadi daga wannan ɗaki zuwa wancan. Wanda ya ciro kuɗi ya miƙa masa, harara kawai yake samu.

Rigimata da shi a kan inji ce. Akwai wani ɗan gidan abinci a unguwar Belleville ta Paris inda yake haɗuwa da abokansa ranar Lahadi, kuma shekara da shekaru musunsu ɗaya ne, wai tsakanin injin gazuwal da na isansi, wato dizal da fetur, wanne ne inji. Kawu ɗan gazuwal ne na gani-kashe-ni. To ranar da suka ji ni injin lantarki nake karanta, wallahi sai suka manta da gabarsu suka haɗe mini kai. Kawu ya ɗora tafin hannunsa a kan tebur kamar yadda yake ɗora shi a kan murfin mota, ya ce, “Ramatu, injin da ba ya magana, ta yaya za ki san ba shi da lafiya?” Ni kuma da ɗanyen kai da ɗokin boko na ce masa hayaƙin injin nasa mai magana ne ke sa shi tari. A gaban abokansa fa! Mako biyu bai kira ni ba. Da ya kira, bai ta da maganar ba, sai ya tambaye ni ko ɗakina na da ɗumi. Har yau idan na tuna bakin nan nawa sai kunya ta rufe ni.

Ina yawan tambayar kaina abin da zai ce da ya ga titunan yau. Ƙananan bashe irin tasa sun ɓace, sai ka yi wata ba ka ga ɗaya ba. Waɗanda suka maye gurbinsu ƙatti ne masu ƙofa huɗu, sai mutum ya ɗaga ƙafa kamar mai hawa katanga kafin ya shiga, bayansu kuwa ƙal, ko kaza ba a taɓa ɗorawa ba. Na san zai tsaya ya kama ƙugu ya ce an ƙera su ne don a gan su. A nan ni da shi ba mu da saɓani ko kaɗan. Mai ɗan kaya, ɗalibi ko mai ɗinki ko tsohuwa da buhun gero, shi aka manta da shi.

Bayan rasuwarsa Tanti ta damƙa mini makullin motar. 'Ya'yansa ba su da sha'awar mota, metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya ishe su. Na kawo ta Lyon ina ta murna, sai ga dokar hana tsofaffin motocin gazuwal shiga tsakiyar gari, dokar da yau a ce za a tsananta ta, gobe a ce za a sassauta. Motar ta koma zaman tsakar gidan wata abokiyar aikina a ƙauye, ciyawa na fitowa a ƙarƙashinta. Farkon kowace shekarar karatu wayata ba ta hutawa: “Anti Ramatu, an ce motar Kawu na wurinki.” Sai in yi ta kame-kame. Hanya ɗaya ce ta rage idan ina son ta koma aiki, a cire injin a sa na lantarki, kuma aikina ke nan, na san za a iya. Amma in kai hannu in cire abin da mutumin nan ya yi shekaru yana kare wa a Belleville? Shekara uku ina juya maganar, motar na tsatsa.

Daga ƙarshe na hau jirgin ƙasa na tafi wurin Tanti. Muka gaisa, ta tambayi aiki, ta tambayi sanyi, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Da na samu na furta cewa ina son cire injin Kawu, sai matar nan ta fashe da dariya har tana share hawaye da gefen mayafi.

“Injinsa? Wanne daga ciki?”

Ashe da injin isansi ya sayi motar. Shi da hannunsa ya cire ya sa na gazuwal, wannan ma da ya gaji ya sake wani. Wanda nake ta jin tsoron taɓawa na uku ne. Na ce, “Haba Tanti, to duk musun nan fa?” Ta ce, “Kawunki ne, ba ki san shi da son musu ba? Abin da bai taɓa yarda a taɓa ba shi ne bayan motar.” Ta ce an sha ba shi shawara ya ɗaga ta sama ko ya rufe bayan, ya ƙi, wai motar da tsohuwa ba za ta iya ɗora buhunta da kanta ba ba ta da amfani a wurinsa.

An yi aikin a garejin da ke da izinin irin wannan sauyi, takardu kuma suka ci watanni. Ina tsaye aka ɗaga tsohon injin da sarƙa, baƙi ƙirin, yana ɗigar mai. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Bayan motar kuwa na hana kowa taɓawa, ko fenti ban bari an shafa ba.

A watan jiya na kwashi kayan wasu 'yan mata biyu da suka gama karatu a Lyon suka sami aiki a Paris. Sau huɗu muka tsaya cajin batir, na ce a raina da Kawu na nan da ya yi mini dariyar shekara guda. Amma babbar cikinsu, siririya da ita, ita ta ɗora firjinta ƙarama a bayan ba tare da ta nemi kowa ba. A nan na gane abin da ya bar mana. Ra'ayinsa a kan gazuwal ya tafi tare da shi, wataƙila shi kansa bai riƙe shi da ƙarfin da ya nuna ba. Abin da ya saura shi ne akwai mota a cikinmu da mai ɗan kaya zai kira ba tare da jin nauyi ba. Na gode wa Allah da ya sa ni a gabanta, na gode wa Kawu da ya jure bakina. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Da na sauke 'yan matan, na wuce La Courneuve don Tanti ta ga motar. Na ajiye ta a ƙasan benensu, na hau hawa na huɗu na ƙwanƙwasa. Ta buɗe ƙofa ta yi turus.

“Yaushe kika zo? Ban ji ki ba.”

Sai ta ce tun da aka sayi motar nan ba ta taɓa leƙa taga don ta san Kawu ya dawo ba. Tun daga kwanar makaranta take jin ƙarar, ta tashi ta ɗora ruwan shayi, kafin ya hawo ya tafasa. Ta je ta leƙa ta taga, ta daɗe tana kallon motar.

“Ta yi kyau,” in ji ta. “Amma in kin sake zuwa, ki danna mini oda tun daga kwana. Zauna, ruwan zai ɗan jima.”