Gishirin Mai Ƙanƙara

Mai Ƙanƙara kowa a layin yake ce mata, har 'ya'yanta idan ba ta kusa. Tun mijinta na da rai ta fara sana'ar da tsohuwar firiza ɗaya, da ya rasu kuma sana'ar ce ta riƙe gidan. Daga baya firizojin suka zama uku, a jere cikin shagon gaban gida, suna gurnani ba hutu. Masu kifi da masu lemo a wurinta suke layi da kulolinsu. Ita ke cika robobi da ruwa, ita ke ɓamɓaro ƙanƙarar, ba safar hannu ba komai. Tafin hannunta ya yi kanta kamar ƙasan takalmi. Takan riƙe curin ƙanƙara tana ciniki har ruwa ya gangaro mata gwiwar hannu ba ta ajiye ba, kuma tana taƙama da hakan.

Mace ce mai aiki, wannan ba mai musu. Bakinta ne ba shi da kyau. 'Ya'ya mata biyu ta haifa. Babbar siririya ce, ta tsira. Auta kuwa da jikinta ta zo duniya, tun tana rarrafe uwar ta laƙaba mata Tulu. "Tulu, matsa in wuce." "Tulu, a hankali da kujerar nan, ba mu gama morarta ba." A wurin Mai Ƙanƙara wasa ne. Mutanen shago suna dariya, Auta ma tana yi. Sai dai tun kafin ta gama firamare ta daina canza kaya in uwar na ɗaki. Mai Ƙanƙara ta lura, ta ce kunyar 'yan mata ce.

Auta ta girma, ta zama malamar makarantar yara, ta yi aure, ta haihu. Jariri ya fito, teɓa ta zauna. Ta rage ci, ta yi tafiyar safe, ko'ina ya sauka ban da ƙasan cibiya. Wata rana ta zo shago, ta jira masu kifi suka watse, ta ce, "Mama, za ki raka ni wani wuri? Amma don Allah ban da tsokana."

Wani ƙaramin asibitin gyaran jiki ne a saman bene. Nas ta nuna musu na'ura mai dogon hannu, ta ce bakin nan yana zuƙo teɓar ya riƙe, sanyi ya kashe kitsen, jiki ya fitar da shi a hankali. Ba yanka, ba allura. Ta nuna wani jiƙaƙƙen ƙyalle mai santsi da ake shimfiɗawa a fata kafin a ɗora na'urar.

"Da farko za ki ji zafi," in ji ta. "Can sai wurin ya mutu, ki daina jin komai."

Mai Ƙanƙara ta ce, "To wai sanyi ne kawai?"

"Sanyi ne, Mama, amma aunanne."

Mai Ƙanƙara ta sa hannu a bakin na'urar, ta kwashe da dariya. "Wannan? Firizata ta tsakiya da ba ta da lafiya ma ta fi shi."

Nas ta ce Auta ta ɗaga riga a duba. Auta ta juya wa uwarta baya, ta ɗaga wa nas ɗin ba gardama. Wannan ne ya tsaya wa Mai Ƙanƙara a rai, ba tsadar aikin ba. Baƙuwa ta gani, ita da ta haifa a juya mata ƙeya.

A hanya uwar ta fara. Ita da ta tsufa cikin ƙanƙara, yarinya mai farar riga ce za ta koya mata sanyi? Ƙyallen nan kwalliya ce, don a ce an yi aiki. Auta ta ce a'a, ita dai a bar ta ta koma can. Da suka iso ƙofar gida uwar ta sassauta murya, abin da ba ta saba ba.

"Auta, bari in yi miki da hannuna."

Da Auta ta kira ta, ba Tulu ba. Yarinyar ta dube ta, ta ce to.

Ranar da ba makaranta aka yi, da hantsi. Mai Ƙanƙara ta rufe shago, abin da ko zazzaɓi ba ya sa ta yi. Auta ta kwanta a gadon uwar, ta ɗaga riga, ta kafa ido a silin. Ga nankarwa ta zana cikin, ga teɓar. Wata tsokana ta zo wa uwar har bakin harshe, ta haɗiye ta.

Ta zazzago ƙanƙara daga ƙaramar roba mai kusurwa huɗu, ta ɗora a tafinta don ta gwada. Ba ta ji wani sanyin kirki ba. To duk mai wannan sana'a ya san dabarar: in kana son sanyi ya ciza, zuba gishiri. Haka take yi wa masu kifi in tafiyarsu da nisa. Ta barbaɗa cikin hannu guda, ta sake taɓawa, ta ce yanzu dai da ɗan dama. Ta ɗora a kan fata tsirara, ta ɗaure da zane.

"Mama, zafi! Wallahi kamar wuta!"

"Ai nas ta faɗa miki. Daure, ke da kika haihu."

Auta ta cije leɓe, hawaye na gangarowa cikin kunnenta. Can ta ce, "Ya daina."

"Kin gani? Aiki ya kama."

Daga nan hira ta ɓarke, irin wadda ba su taɓa yi ba. Uwar ta ba ta labarin yadda babanta ya taɓa ɓoye takalmin aro a firiza don kada mai shi ya gani. Auta ta yi ta dariya tana riƙe zanen. Ta faɗi abin da ba ta faɗa wa yayarta ba, cewa tun da ta haihu sai ta kashe fitila take cire kaya gaban mijinta. Da ƙanƙarar ta narke, uwar ta kawo wata, ta ƙara gishiri. Ba ta son hirar ta ƙare.

Da ta kwance zanen, fatar ta yi fari fat, ta sandare kamar kyandir, kusurwa huɗu, daidai girman robar. Ta ƙwanƙwasa da farce. Auta ta ce, "Kin taɓa ne?"

Washegari wurin ya tashi bororo, daga baya ya yi baƙi. Mijin Auta ya kai ta babban asibiti. Likita ya tambaya ko ruwan zafi ne. Auta ta ce ƙanƙara ce, kuma ita ta ɗora wa kanta. Mai Ƙanƙara na tsaye a bakin ƙofa, ba ta gyara zancen ba. An daɗe ana wankin ciwo, ƙarshe sai da aka yanko fata daga cinya aka liƙa. Yarinyar da ta guje wa wuƙa ta sha ta a wuri biyu. Jaririnta ya koyi zama a cinyar yayarta, don ita ba ta iya ɗora shi. Teɓar kuwa tana nan inda take.

Da Mai Ƙanƙara ta koma shago, ta ɗauki curi ɗaya, ta barbaɗa gishiri, ta manna a wuyanta maimakon tafi. Ba shiri ta yar da shi. Ta daɗe tana kallon hannunta. Ashe ya jima da daina jin sanyi, ita ce ba ta sani ba, kuma da shi ta auna wa 'yarta.

Sau ɗaya ta nemi gafara, a tsaye, tana riƙe da kwanon abinci. "Auta, ki yafe mini."

"Ba komai, Mama. Ai taimako kika so yi."

Da ta zage ta ma da ya fi sauƙi.

Tulu dai ya mutu daga ranar, ba ta ƙara faɗa ba. Firizojin suna nan, ta tsakiyar ma an gyara ta. Auta tana zuwa duk ƙarshen mako, ta gaishe ta da ladabi, ta kawo mata maganin ƙafa, yaron ya yi ta wasa tsakanin kulolin masu kifi. Ba faɗa, ba gori. Uwar ba ta taɓa ganin tabon ba tun da ya warke. A bakin babbar ta ji cewa har yanzu kusurwarsa huɗu. Da can in Auta za ta canza riga, jira take uwar ta fita. Yanzu shiga take ta murza makulli. Mai Ƙanƙara kunnenta ya fara nauyi, sai an ɗaga murya take jin ciniki, amma duk gurnanin firizojin nan uku, ƙarar makullin nan tana isa shago.