Garin Agogon Da Na Zuba A Kwallin Yayata

Lokacin da abin nan ya faru ina saurayi ɗan shekara ashirin da biyu, jikan fataken goro na Salaga, ba a daɗe da samun 'yancin Gana ba. An tura ni Yendi karatu wurin wani malami. Karatun ina yi, amma babban ciwona bin ƙwaƙƙwafi. Ban iya ganin abu a rufe in ƙyale shi. Rediyon kawuna ma sai da na buɗe cikinsa, daga ranar bai sake cewa uffan ba.

Abin da ya tafi da hankalina shi ne agogon malaminmu, wanda wani tsohon soja ya ba shi. In aka shiga da shi ɗakin ajiyar doya mai duhu, sai lambobinsa su yi kore shar suna haske. Ba wuta, ba kananzir, ba batir, in ka taɓa kuma ba zafi. Na ishi malam da tambaya har ya ce in bar wa Allah ikonsa in koma kan littafina.

Da na je Bawku gaida yayata da ke aure a can, na tarar da wani mai gyaran agogo a kasuwa da kwali cike da matattun agogai. Da na tambaye shi abin da ke sa lambobin haske, ya ce mini fenti ne Turawa ke shafawa, amma bai san da me ake haɗa shi ba. Ya bar ni na kankare fentin da reza, na tara garin da bai cika ƙaramin cokali ba. Na jiƙa shi, haskensa bai mutu ba. Na rufe shi kwana uku a gwangwani, na buɗe yana nan. Murna kamar ni na ƙirƙiro shi.

Yayar nan ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ɗinkin hula take yi, ganinta kuma ya fara raguwa, zura zare a allura ya zame mata aiki. Na nuna mata garin a cikin duhun ƙarƙashin mayafinta, ta yi dariya ta ce tunda yana haske ba mai, in zuba mata a kwalli ko ta huta. Ita da wasa ta faɗa. Ni ne na ɗauki maganar da gaske, na yi ta kawo mata hujjoji har ta yarda, don a ganinta ƙanenta mai ilimi ne. Na niƙa shi da kwalli na zuba mata a tandu. Kwana bakwai tana sa wa idon hagu. Ya yi ja, ya kumbura, yana ruwa, ta ɓoye mini don kada in ji kunya.

Da abin ya tsananta muka je asibiti, na faɗa wa likita abin da na zuba, ya ce abu biyu ne a fentin: garin da ke haske, da wani ma'adani mai guba da ke zungurarsa dare da rana ba hutawa. Ya ce ko lasa ko shaƙa ba a yi, balle a sa a ido. Tsakuwar garin ta karce idon, ciwo ya shiga, hakiya ta rufe shi.

Ta ce wa mijinta tsohon ciwon idonta ne ya tashi, ta kuma hana ni faɗin gaskiya. Wallahi da zagina ta yi, da na fi samun sauƙi.

Har yau ban ga laifin son sani ba, laifina shi ne na gwada abin da ban sani ba a jikin mutum. Masu karatu, duk abin da ya ba ku mamaki, ku tambayi wanda ya san shi kafin ya kai ido ko baki, musamman na wanda ya yarda da ku. Yaya ta ƙara shekara ashirin da shida a duniya. Duk lokacin da na je gaishe ta, sai ta karkato da fuskarta gefe guda don ta gan ni da kyau, ta ce na rame.