Ranar Da Aka Ba Gawa Baki

Sana'arsa facin taya ce, a gindin gadar da ke kusa da tasha, amma ba da ita aka san shi ba. Gawa ake ce masa, don ya mutu sau goma sha huɗu a finafinan yaƙin zamanin da. An soke shi da mashi, an jefo shi daga kan ganuwa, sau ɗaya ma doki ya taka shi da gaske, darakta ya ce a bar wurin haka, ya yi kyau. Duk mutuwar nan bai taɓa cewa uffan ba. Masu fim na son doguwar fuskarsa ta mutanen nesa, bakin ne ba su ga amfaninsa ba.

Abin na ci masa rai saboda Inna, mahaifiyarsa. Shekara takwas ke nan da idanunta suka tafi, fim a wurinta sauti ne kawai. Duk ranar da ya dawo da jan fenti a wuya sai ta ce, "Yau ma sun kashe ka? To, ka yi magana kafin nan?" Sai ya sunkuyar da kai ya kama wanke wuya.

Ana nan sai wani kamfani ya yi shelar fim mai ƙabilu bakwai, wai kowa zai ga kansa a ciki. Huɗu daga cikin ƙabilun nan Gawa ne. Da safe a ɗora masa hular gashi, ya zama mutumin tsauni. Da rana a rataya masa ƙasusuwan kifi, ya zama mutumin teku. Ai wakilcin jama'a ba wuya in akwai huluna.

Ranar ƙarshe darakta ya dafa kafaɗarsa. "Baba, yau naka ya samu. Kafin kibiya ta same ka, faɗi wani abu da yarenku. Ko mene ne, ba mai ji."

Gawa ya san akwai mai ji. Ya gyara tsayuwa, ya dubi kyamara, ya ce da yarensu, "Inna, ni ne. Kin ji, ban mutu ba tukuna." Sannan ya faɗi, kuma a kan turken tanti ya faɗa, har ya saki nishin da ba na wasa ba.

Ranar nuna fim ya rufe rumfar faci tun hantsi. Ƙanwarsa ta riƙo hannun Inna har cikin silima. A bakin ƙofa ga fuskarsa a fasta, girmanta ya kai ƙyaure, amma ko da tabarau ba za ka ga sunansa ba. Bai damu ba, ai ba fasta Inna ta zo ji ba.

Da fim ya kai wurin maganarsa, ya taɓa gwiwarta. "Inna, kasa kunne." A majigi bakinsa ya buɗe, sai wani gurnani ya fito, da wani yare wanda ba uwar da ta taɓa yi wa ɗanta. Mai haɗa sauti, da ke zaune a bayansu, ya miƙo wuya. "Yi haƙuri, Baba. Yaren naku ya cika taushi, ba ya ba da tsoro. Oga ya ce a sa na baƙi sosai."

Kibiya ta taso. Wanda ya harbo ta ma shi ne, da wata hular. Ya faɗi, nishin turke ya cika ɗakin. Inna ta damƙe hannunsa.

"Ga shi nan! Wannan nishin nasa ne, tun yana goye na san shi!"

Na kusa suka tuntsire da dariya.

Da aka kunna fitilu, darakta ya hau dandamali ya ce alfaharinsa shi ne ya ba marasa murya murya. Aka yi ta tafi.

"To ina maganar?" in ji Inna.

Gawa ya duƙa, ya faɗa mata ita a kunne, kalma bayan kalma.

Ta lalubi sandarta. "Wannan ai ko a gida ka iya faɗa min. Tashi mu tafi."