Ranar da Turawa Suka Kori Baba Iro Daga Fili

Duk wanda ya ce ya zauna Alƙahira a ƙarshen shekarun saba'in amma burodi bai taɓa samunsa a ƙirji daga hannun Baba Iro ba, to wucewa kawai ya yi. Mutumin nan, Allah ya jiƙansa, ba ya miƙa wa mutum abu ta gaba. Ka ce, "Baba, miƙo makulli," sai ya wuce ka, ya karkace, ya wurgo maka ta baya da hannu biyu.

"Ba a ba da ƙwallo gaba," in ji shi. "Haramun ne."

"A wace mazhabar, Baba?"

"Mazhabar 'yan sha uku!"

Direba ne a ofishin jakadancinmu, mu kuwa ɗalibai masu karatun addini, masu zuwa gidansa ranar Juma'a don tuwo. Mutumin Jos ne, ɗan tsurut, sai ya ɗora filo a kujera yake hango titi. Amma wai shekara tara ya yi a arewacin Ingila yana buga ƙwallon zari-ruga, irin ta mutum goma sha uku, ana biyansa. Shi ne lamba bakwai, mai ɗauko ƙwallo daga bayan ƙarti ya raba wa wanda ya ga dama. Babu wanda ya yarda. Shugaban marasa yarda kuwa Ustaz Bala ne, abokin ɗakina, wanda ko gaisuwa ka yi masa sai ya nemi isnadi. Wannan abu na ci wa Baba Iro rai fiye da ciwon gwiwarsa.

Ranar sunan ɗan wani jami'in ofishin, aka yi kuskuren ɗora masa jariri a hannu. Ya yi masa addu'a tsaf, sai kakar yaron ta ce daga baya, "Malam Iro, kawo shi." Jama'a, sai muka ga ya buɗe ƙafa ya karkace kafaɗa! Mai jego ta ƙwalla ƙara, wani ya zubar da shayi, ni kam na riga na fara Innalillahi. Ya tsaya yana kallonmu da mamaki.

"Haba, Hajiya! Shekara tara cikin ruwa da taɓo ban taɓa yar da ƙwallo ba, sai jikanki?"

Tarihin wasansa kuwa a jikinsa yake karanta shi. Ya buɗe baki ya nuna giɓi: "Kulob na farko, garin masu haƙar kwal. Haƙorana biyu na can, in kun je ku gaishe su." Ya ja kunnensa da ya nannaɗe kamar soyayyar ganda: "Kulob na biyu, garin masunta. Su suka saye ni." Sannan ya ɗaga wando ya nuna gwiwa: "Na uku. Nan wani ƙato mai nauyin raƙumi ya zauna a kaina, har yau bai gama tashi ba."

Ustaz Bala ya gyara tabarau. "Baba, wa ya ruwaito?"

"Gwiwata ta ruwaito, daga kunnena, daga haƙorana. Khalas, shi ke nan!"

Wata rana mun raka shi kasuwar Ataba sayen barguna, sai ga wani Bamisire ya keto kasuwa a guje da jaka a hammata. Kafin in ƙifta ido Baba Iro ya ɓace daga gefena. Sai ji muka yi tim! Ya shiga ƙafafun mutumin ya kai shi ƙasa, mutumin da ya yi ukunsa. Ashe bawan Allah bas yake bi, jakar kuma tasa ce. Kasuwa ta taru a kanmu, Larabcina na aji ya gudu ya bar ni. Shi kuwa ya ɗaga mutumin, ya kakkaɓe masa riga.

"Ma'alish, yi haƙuri. Amma ka iya riƙo, jakar ba ta faɗi ba. Kana wasa?"

A hanyar gida ya dubi Bala yana jiran yabo. Bala ya ce, "Ai ko ɗan kokawar ƙauyenmu zai yi wannan."

A nan Baba Iro ya rantse sai mun gani da idonmu. Ya ji labarin wasu Turawan Ingila, malaman makaranta da ma'aikatan mai, suna buga zari-ruga a wani fili a Giza. Ya aika musu goron gayyata, ya tattara mu sha biyu da barazanar janye tuwo. Wata biyu yana horar da mu a bayan gidan ɗalibai. Ka ga malamai masu gemu, an tattare jallabiya a ƙugu, ana kife juna a ƙasa, shi yana ihu, "Yalla, maza, Shehunai! Baya, na ce, baya!"

Ranar wasa muka isa Giza muka ga Turawan. La'ilaha illallahu! Wuyan kowannensu ya kai cinyata. Wani Bazazzagi cikinmu ya fara yi min wasiyya a kan littattafansa. Kyaftin ɗinsu, dogo mai gashin baki, ya ƙirga mu ya ce saura biyu, su sha biyar suke yi.

"Sha uku," in ji Baba Iro. "Sha biyar ta masu hutu ce."

Baturen ya ƙura masa ido, ya tambayi inda ya koyi wasa. Baba Iro ya jero kulob ukun nan. Sai wani dattijo mai sanƙo daga bayansu ya matso, ya leƙa fuskarsa, ya kama kai ya ce ya san shi. Wai ya taɓa ganinsa ya ratsa ƙarti huɗu kamar ɓera a rumbu.

Muka zata za a rungume shi. Ina! Kyaftin ya haɗe rai ya ce dokarsu ta 'yan sha biyar ta hana: duk wanda ya taɓa karɓar albashi a wasan 'yan sha uku ba ya taka musu fili har abada. Ya nuna masa ƙofa.

Muka tsaya muna jiran faɗa. Sai Baba Iro ya kama kunne ya ce, "Ban ji ba, maimaita da ƙarfi." Baturen ya maimaita. Baba Iro ya jawo Bala ta wuyan riga.

"Ustaz, fassara wa jama'a. Me ya sa aka kore ni?"

Bala ya ce, "Wai... saboda kai ƙwararre ne, an biya ka."

"Da Larabci ma, saboda mai gadin filin ma ya ji!"

Wallahi ban taɓa ganin wanda aka kora yana rawa ba sai ranar. Da gurguwar gwiwarsa ya taka har bakin titi, mu kuma muna biye muna hamdala da wuyanmu ya tsira.

Muka shiga mota. Ya rungume tsohon ƙwallonsa a cinya, ya bar wani ya tuƙa, yana waiwayen ciyawar filin har ta ɓace. Can ya ce a hankali, "Ko minti goma ne, da sun bar ni."

Bai sake neman fili ba. Bayan 'yan shekaru ya kwanta ciwo, a Alƙahira muka binne shi, nesa da Jos, nesa da Ingila. Ustaz Bala ne ya yi masa salla, kuka ya hana shi ɗaga murya a kabbarar ƙarshe.

Allah ya jiƙan Baba Iro, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa. Ya Allah, wannan karon in ya iso ƙofa, a buɗe masa ya shiga.