Takardar Sit ta Ba Fannami

Ba Fannami manomin tattasai ne a bakin Komadugu, wajen Boso, har shekarar da 'yan bindiga suka ƙone ƙauyensu. Sun yanka ƙanensa a bakin rumbu, shi yana kwance cikin ciyawa yana gani. Ya iso Diffa a ƙafa, shi da matarsa Ya Kubra, da farantin sola ɗaya a ka. Da farantin nan ya buɗe rumfar cajin waya a gefen kasuwa.

Bai yi lakwal ba, wato makarantar boko, amma ya fi mu sanin inda abu mai amfani yake a intanet. Ya san shafin da ke faɗin ko za a yi ruwa, da na kokawa, da wanda mata ke koyon girki, da wanda yara ke koyon lissafi da waƙa. Da na dawo daga jami'ar Damagaram da digirin lisans ba aiki, shi ya nuna mini inda ake buga sanarwar ɗaukar ma'aikata.

"Mushe mai lisans," in ji shi, don mu a nan ɗan boko mushe ake ce masa, daga Faransanci, "tsohon da bai san baƙi ba ne zai samo maka aiki? To rama mini, rubuta mini shafukan nan a takarda."

Mu a nan, shafin intanet sit muke ce masa, daga Faransanci. Matsugunan 'yan gudun hijira da ke bakin kwalta su ma sit ake ce musu. Ban tuna da wannan ba. Na rubuta yadda yake kiransu, kowane da adireshinsa na intanet a gabansa: sit na mata, sit na yara, sit na 'yan kasuwa. A sama na sa: waɗanda za a ziyarta.

Wata Talata da hantsi aka tayar da bam a wani sit, ana cikin rabon abinci. Kafin azahar mutanen wurin suka shigo gari neman gawawwakinsu, wasu da jini a riga. Cikinsu akwai Zakariya'u, wanda ya rasa 'yarsa. Ya tsaya cajin waya don ya sanar da dangi, idonsa ya faɗa kan takardar da ke manne a katako. Ya karanta da ƙarfi.

"Sit na yara! Waɗanda za a ziyarta! Jama'a, ga mai nuna musu hanya!"

Ba Fannami ya ɗaga hannu yana cewa, "Ɗana, na waya ne," aka sauke masa benci a kan hannun. Na ji ƙarar ƙashin. Suka jawo shi waje da ƙafa, wani da bulo, wani da sanda. Ya Kubra ta faɗa a kansa, aka jefar da ita gefe. Wani yana ta kiran a kawo taya da fetur.

Na yi ihu cewa ni na rubuta, aka mare ni har bakina ya fashe. Na ciro wayata, na riƙe rigar Zakariya'u.

"Yaya, don Allah karanta mini abin da ke gaban sit na yara, harafi harafi."

"Sake ni, ɗan iska!"

"Karanta! In ƙarya nake, ku haɗa da ni."

Ya karanta, ina bugawa a wayata. Rezo, wato sabis ɗin waya, ya ƙi. Shafin fari fat, ana dukan tsohon a bayana, an riga an rataya masa tayar. Sai waya ta buɗe, muryar yara ta fito suna rera ɗaya, biyu, uku.

Zakariya'u ya kalli wayar, ya kalli takardar, ya zauna a ƙasa. Shi ya rarrafa ya cire tayar da hannunsa. Sauran suka zame ɗaya ɗaya, kafin jandarma su zo ba kowa.

Ba Fannami ya rayu. Idonsa na hagu ya tafi, hannun dama ba ya ƙulluwa. Wata biyu ya yi a gidan likita, Zakariya'u yana zuwa kullum ya zauna a ƙofa, bai taɓa shiga ba. Ranar da aka sallami Ba Fannami na ce ya yafe mini.

"Kai dai rubutunka ne ba kyau," ya ce. "Kama mini wannan hannun, rigar ta ƙi shiga."